WA ZAI BA DA LABARIN MANOMIN DAYI?

Sharhi a kan wasa da waƙa da zane a ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Garin Dayi, cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi ta Jihar Katsina, yana kan mahaɗar hanyoyi, inda titin da ya taso daga Kano ta Gwarzo ya haɗu da wanda ya nufi Malumfashi da Funtuwa. Duk wanda ya bi wannan hanya da kaka zai ga manyan motoci maƙare da masara da dawa da waken suya, suna fita da su zuwa kasuwannin Kano da na Kudu. Ƙasar da ta tashi daga Dayi ta bi ta Malumfashi da Bakori da Ɗanja har zuwa Funtuwa da Ɗandume tana cikin manyan rumbunan hatsi na Arewa, kuma tun zamanin Turawa aka san ta da noman auduga.

A 'yan shekarun nan kuwa sunan yankin ya fi fitowa cikin labaran tashin hankali. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Cikin Satumba 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi na wani lokaci. Cikin Agusta 2025 aka kai hari a kan masallata da asuba a Unguwar Mantau ta Ƙaramar Hukumar Malumfashi, aka kashe mutane da dama. Ban da wannan, janye tallafin man fetur da aka yi cikin Mayu 2023 ya ƙara kuɗin huɗa da na dakon amfanin gona.

Ana samun labarin waɗannan abubuwa daga bakin kakakin 'yan sanda, da sanarwar gidan gwamnati, da rahoton 'yan jarida. Abin da ba a cika ji ba shi ne labarin daga bakin manomin kansa: yadda ya saki gonar da ke nesa da gari, yadda aka yi karo-karon kuɗin fansa, abin da ya faɗa wa 'ya'yansa ran da ya sayar da shanun huɗa. Irin wannan labari aikin masu fasaha ne, watau mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo da masu zane da marubuta. Yankin nan ya taɓa samun masu yin wannan aiki, kuma ya kamata a duba yadda aka yi ya tsaya, da abin da wata ƙasar manoma, watau Tailan, ta yi har nata ya ɗore.

GADON DA AKA TARAR

A ƙasar Hausa fasahar hannu ta fi ƙarfi a wajen zanen bangon soro, da aikin allura a wuyan riga, da sassaƙar ƙwarya, da adon da ake yi wa jikin manyan motoci. Zanen surar mutum bai samu gindin zama ba, saboda dalilai na addini da al'ada. Don haka idan Bahaushe zai faɗi damuwarsa, ta baka yake faɗa, cikin tatsuniya da waƙa da wasa.

Tatsuniya ita ce makarantar farko. A cikinta Zaki ne sarki, Kura ce mai haɗama da ƙarfin tuwo, Dila ne malamin daji, Gizo kuwa shi ne marar ƙarfi wanda ba shi da makami sai wayo. Yaron da ya tashi yana jin yadda Gizo ke kuɓuta daga hannun manyan dawa ya riga ya koyi darasi a kan mulki da zalunci, ba tare da an ambaci sunan wani hakimi ba. Wannan lulluɓi shi ne ƙarfin tatsuniya, domin yana ba mai magana damar faɗin gaskiya ya kuma kwana lafiya a gidansa.

Haka wasannin gargajiya suke. A tashen watan azumi yara kan kwaikwayi malami da boka da tsoho da gwauro, jama'a na dariya, wanda aka yi domin shi kuma yana ji. A wasan kalankuwa, wanda ake yi bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa nasu sarkin da alƙalin da dogarai, su yi shari'a irin ta manya, kowa ya ga inda ake karkata. 'Yan kama kan juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya. A gona kuma, ran gayya, makaɗin gangar noma kan zuga gwani ya yi wa rago zambo, ya kuma tuna wa kowa kirarin noma, na duƙe tsohon ciniki.

Amma wannan 'yanci yana da iyaka iri biyu. Na farko, yana da lokaci: da an ga watan salla, ko da an gama bikin kaka, sai kowa ya koma matsayinsa. Na biyu, makaɗin da ya ɗauki kiɗa sana'a yana ci ne daga hannun ubangidansa. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya zauna a Bakori da Funtuwa, ya rasu cikin 1999, yana cikin 'yan kaɗan da suka kai matsayin da za su yabi wanda suka ga dama su kuma yi wa wanda suka ga dama zambo. Ya yi waƙoƙin noma da na gargaɗi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988. Ɗanmaraya Jos kuma ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe ƙananan ma'aikata irin su karen mota. Sauran makaɗa da yawa ba su da wannan sarari, domin bakin da ya ci shi ke godiya.

AIKIN GONA NA FUNTUWA DA WASAN MASKA

Cikin 1975 aka soma babban Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. A lokacin yankin yana cikin Jihar da ta zama ta Kaduna, domin sai 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Aikin ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi, ya kuma ɗauki shekara biyar. An yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da takin zamani da ingantaccen iri, an ɗauki malaman gona. Babu mai musun cewa daga nan ne masara ta zama babban amfanin gona a ƙasar da a da dawa da auduga suka fi rinjaye.

Sai dai tsarin aikin ya fi mai da hankali ga waɗanda aka kira manoma masu ci gaba, watau masu manyan gonaki da abin hannu. Masu bincike da suka bi sawun aikin, cikinsu har da malaman Jami'ar Ahmadu Bello, sun nuna cewa taki mai rahusa da rance da hayar tarakta sun fi isa ga 'yan kasuwa da masu sarauta da manyan ma'aikata, ƙaramin manomi kuwa sau da yawa sai ya sayi takin a hannu na biyu. Gona ta yi daraja, masu kuɗi suka shiga saye.

A daidai wannan lokaci ne wani sabon abu ya taso a Samaru. Cikin 1975 Michael Etherton, wanda ya yi aikin wasan kwaikwayo na karkara a Zambiya, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ya kafa koyar da wasan kwaikwayo. Shi da abokan aikinsa irin su Brian Crow, da matasa irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka yanke shawarar fitar da wasa daga zauren jami'a zuwa ƙauye. Cikin 1977, shekara guda bayan gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, suka yi Wasan Manoma a Soba. Cikin 1979 suka zo Maska, tsohon garin nan na ƙasar Funtuwa, suka yi abin da aka sani da Wasan Maska. Daga baya aka yi irinsa a Bomo da Lasanawa.

Yadda ake aikin shi ne, ɗalibai su shiga gari su zauna da mutane, a gona da bakin rijiya da kasuwa, su tambayi abin da ke damunsu. Sa'an nan su haɗu su tace abin da suka ji, su ƙulla labari, ba tare da rubutaccen littafi ba. Sai a yi wasan da Hausa a fili, jama'a sun kewaye, da kiɗa da waƙa irin na garin. Idan an gama sai a buɗe mahawara, a tambayi 'yan kallo ko haka abin yake, kuma ina mafita. Rabon takin zamani, da ƙwace gonaki, da sha'anin lafiya suna cikin abubuwan da waɗannan wasanni suka taɓo.

Tun ba a yi nisa ba masu shirin suka lura da wani rauni. Idan ɗalibi ne ya yi wasan, manomi ɗan kallo ne kawai, ya yi dariya ya tafa ya koma gida. Saboda haka a wasannin da suka biyo baya aka riƙa jawo manoma su shiga fili da kansu, su tsai da wasa idan sun ga an kauce, su nuna yadda abin yake aukuwa a zahiri, su gwada hanyoyin da za su bi su tunkari mai rabon taki ko mai unguwa. A nan ne aikin ya kai ƙololuwarsa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ya kamata a tuna da yanayin shekarun. Cikin Oktoba 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, kamar yadda Gwamna Abubakar Rimi ya yi a Kano. Cikin Afrilu 1980 kuma 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, waɗanda ke neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye. Zancen haƙƙin talaka a lokacin yana bakin kowa, kuma Wasan Maska ɗan zamaninsa ne.

ABIN DA YA HANA SHI ƊOREWA

Dalilai huɗu ne suka taru. Na farko, aikin yana bin kalandar jami'a. Ɗalibi ya zo ya yi kwanaki ya tafi jarrabawa, manomin da ya buɗe baki a gaban jama'a kuwa yana nan tare da wanda ya taɓa. Na biyu, babu wata ƙungiyar manoma mai ƙarfi da za ta karɓi abin da aka tattauna ta kai shi gaba. Na uku, kusan duk abin da aka rubuta a kan waɗannan wasanni da Turanci aka rubuta shi, cikin littattafai da mujallun masana, kamar littafin da Etherton ya fitar cikin 1982 a kan wasan kwaikwayo a Afirka. Ɗalibi a Landan yana iya karanta labarin Wasan Maska, jikan wanda aka yi wasan a ƙofar gidansa kuwa bai taɓa jin sa ba.

Na huɗu shi ne kuɗi. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 jami'o'i suka shiga ƙunci. Hanyar ba ta mutu ba, domin an kafa ƙungiyar masu irin wannan wasa ta ƙasa cikin 1989, kuma sashen wasan kwaikwayo na Samaru ya ci gaba da horar da ɗalibai. Amma da yawa daga cikin ayyukan da suka biyo baya ƙungiyoyin agaji ne ke biyan kuɗinsu, don isar da saƙon riga-kafi ko tsafta ko zaɓe. Waɗannan saƙonni suna da amfani, sai dai daga ofis suke tasowa su sauka a ƙauye, alhali abin da aka fara a Maska daga ƙauye ake so ya taso.

DARASI DAGA ƘASAR SHINKAFA

Yawancin mutanen Nijeriya sun san Tailan ne ta buhun shinkafa, musamman kafin a rufe iyakokin ƙasa cikin Agusta 2019. Waɗanda ke noma wannan shinkafa suna da tarihi mai kama da na manoman Arewa. Yankin arewa maso gabashin ƙasar, wanda ake kira Isan, shi ne mafi talauci, ruwan sama ba shi da tabbas, 'ya'yansa kan tafi ci-rani Bankok, mutanen birni kuma sun daɗe suna yi musu kallon ƙauyawa. Suna da mawaƙan gargajiya da ake kira molam, masu rera tatsuniyoyi da habaici, suna kuma da al'adar zana tatsuniyoyinsu a bangon wuraren ibada, tare da hoton masu huɗa da masu kamun kifi.

Cikin 1957 wani matashin masani, Chit Phumisak, ya wallafa littafi yana cewa fasaha ta zama don rayuwa, don jama'a. An ɗaure shi, daga baya aka harbe shi cikin 1966. Bayan boren ɗalibai na 14 ga Oktoba 1973, wanda ya kifar da mulkin soja, ra'ayinsa ya farfaɗo. Cikin 1974 aka kafa ƙungiyar manoma ta ƙasa, aka kafa ƙungiyar masu zane da ke kafa manyan alluna a titunan Bankok, aka kuma kafa ƙungiyar mawaƙa mai suna Caravan, wadda ta haɗa jita da kayan kiɗan Isan tana waƙar manomi da ɓaunar huɗarsa. Wani mai zane, Pratuang Emjaroen, wanda ya fara da zanen allunan silima, ya mai da ƙwayar shinkafa da wahalar mai nomanta abin zanawa.

Martanin masu iko ya yi tsanani. An bi shugabannin ƙungiyar manoman ana kashewa ɗaya bayan ɗaya, musamman cikin 1975. Ran 6 ga Oktoba 1976 aka yi wa ɗalibai kisan gilla a Jami'ar Thammasat, mawaƙa da marubuta da yawa suka gudu daji. Fim ɗin Tongpan na 1977, wanda ya ba da labarin manomin da wata madatsar ruwa ta raba da gonarsa, aka kuma gayyace shi taron masana a kan gina wata sabuwa ya zauna ba mai sauraronsa, an hana nuna shi shekaru da dama. Wanda ya san Bakolori zai gane wannan labari ba sai an yi masa fassara ba.

Duk da haka igiyar ba ta tsinke ba. Montien Boonma, wanda ya rasu cikin 2000, ya riƙa haɗa ayyukansa da ƙasar gona da ƙahon ɓauna da kayan aikin manoma. Apichatpong Weerasethakul, wanda ya tashi a Khon Kaen cikin Isan, ya je ƙauyen Nabua, inda sojoji suka gallaza wa manoma tun daga 1965 bisa zargin gurguzu, ya yi aiki tare da jikokinsu. Daga wannan aiki ne fim ɗinsa na Uncle Boonmee ya fito, mai cike da fatalwa da aljanun daji irin na tatsuniya, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa cikin 2010. Da lulluɓin tatsuniya ya taɓo kisan da littattafan makaranta suka tsallake.

Kada a ɗauka lulluɓin yana kare mutum kullum. Cikin 2015 wata kotu ta ɗaure matasa biyu, ɗaya daga cikinsu mawaƙin molam, shekara biyu da rabi kowanne, saboda wani wasa mai siffar tatsuniya da suka yi cikin 2013, wanda aka ce ya taɓa martabar sarauta. Dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 a kan wannan laifi.

Abin da ya bambanta Tailan da ƙasar Funtuwa abu uku ne. Masu fasahar da yawa 'ya'yan karkarar ne, da harshen gida suke aiki. An adana ayyukan: faifan waƙa da fim da allon zane suna nan, wanda aka haifa bayan shekara arba'in yana iya gani. Sa'an nan akwai wuraren nunawa da masu saye waɗanda ba su dogara ga mai mulki kaɗai ba, kamar cibiyar fasaha ta Bankok da aka buɗe cikin 2008, da bikin nunin da aka fara a Khon Kaen cikin 2018 a wani gini da aka yi watsi da shi.

HALIN DA AKE CIKI YANZU

Ba a rasa masu basira a Arewa ba. Sashen zane na Zariya, inda ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu cikin 1958 don haɗa gadon gida da ilmin zamani, ya fitar da gwanaye kamar marigayi Gani Odutokun, wanda ya yi wa mulkin soja shaguɓe da burushi, da Farfesa Jerry Buhari. Amma ayyukansu a Legas da Abuja da ƙasashen waje ake ganinsu, kuma da wuya a sami manomin Dayi da ya taɓa tsayawa gaban ɗaya daga ciki.

Abin da ke isa ƙauye shi ne fim da waƙar sitidiyo, ta wayar hannu. Masana'antar fina-finan Hausa, wadda ta faro a Kano cikin 1990, ta fi karkata ga soyayya da rikicin gidan attajirai. Idan an nuno mutumin karkara, galibi abin dariya ne, baƙauyen da ya shigo birni ya ruɗe. Wasu shirye-shiryen talabijin irin su Kwana Casa'in sun taɓo siyasa da cin hanci, sai dai a birni labarinsu yake. A fagen waƙa kuwa kuɗin yana wajen 'yan siyasa. Ɗaya daga cikin mawaƙan siyasa mafi shahara a ƙasar nan, Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Ɗanja ne, abin da ke nuna cewa yankin bai daina haihuwar masu hikima ba, kasuwa ce ta nuna musu inda za su dosa.

Wuraren da aka saba yin wasan gargajiya su ma sun ƙuntata. Inda ake tsoron dare ba a dandali, kuma inda aka watse aka koma gidajen 'yan'uwa a Funtuwa ko Malumfashi babu gayya balle kalankuwa. Mafi muni, an ji waƙoƙin yabon wasu shugabannin 'yan bindiga suna yawo a wayoyi. Watau idan masu gaskiya suka bar fagen, ba zai zauna babu kowa ba.

Akwai masu cewa wasa ba ya tare harsashi, kuma mai jin yunwa taki yake so, ba kallo ba. Gaskiya ne, tsaro da taki su ne kan gaba. Amma jami'in da zai raba takin, da wanda zai zauna teburin sulhu, suna bukatar sanin abin da mutane ke faɗi idan babu hukuma a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A garin da kowa ke tsoron mai kai wa ɓarayi rahoto, ba wanda zai miƙe a taro ya kama suna. Amma ana iya yin wasan Kura da Gizo da Dila a gaban kowa, kowa kuma ya gane. Dabarar da kakanni suka yi amfani da ita a gaban hakimi tana da sabon aiki a yau.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, tare da jami'o'in da ke Katsina da Dutsin-ma da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, su ɗauki muryoyin dattawan Maska da Lasanawa da suka ga wasannin 1979 da bayanta tun suna raye, su kuma ɗauki waƙoƙin noma da na niƙa da tatsuniyoyin yankin. An ga amfanin irin wannan aiki a littafin tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar cikin 2006. A kuma juya abin da aka rubuta da Turanci a kan wasannin zuwa Hausa, a mayar wa masu shi.

Na biyu, idan za a farfaɗo da wasan karkara, a horar da 'yan garin ne, matasa da malaman firamare da ƙungiyoyin mata, yadda ba sai an jira motar jami'a ba. Hukumar raya aikin gona ta jihar, wadda ta gaji Aikin Funtuwa, tana da malaman gona a ƙauyuka, kuma za ta amfana idan ta zauna cikin 'yan kallo ta saurara, maimakon ta rubuta wa 'yan wasa abin da za su faɗa.

Na uku, a ba makiyayi wurinsa a cikin labarin. Bafulatanin da aka kore wa shanu, ko aka nome masa burtali, shi ma ɗan yankin ne, kuma wasan da ya nuna ɓangare guda zai ƙara wa wuta itace ne kawai.

Na huɗu, gidajen rediyon jihar su ware lokaci ga irin waɗannan wasanni da waƙoƙi, a kuma biya masu su daga asusun da ba ya canjawa da canjin gwamna. Muddin abincin mawaƙi yana hannun wanda ya kamata ya yi wa gargaɗi, yabo kaɗai za a ji.

Ɗaliban da za su yi wannan aiki ba sai an ɗauko su daga nesa ba. Suna nan a makarantun Funtuwa da Malumfashi da Bakori, da yawansu da kuɗin masara aka biya musu kuɗin makaranta, kuma kowannensu yana riƙe da wayar da ta fi duk na'urar da ɗaliban Samaru suka je da ita Maska cikin 1979. Waɗanda suka ga abin da ya auku a Ƙanƙara da Unguwar Mantau suna raye, suna kuma iya faɗi. Idan aka bari suka shuɗe, abin da zai rage wa na baya shi ne adadin da aka karanta a rediyo.